Gani Ya Kori Ji: Burodin Ista A Gidanmu

Kowace shekara idan bazara ta kama, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, mu Kirista mukan yi bikin Ista domin tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Amma tara ƙananan yara ka tambaye su ma'anar wannan rana, da yawa za su ce maka ranar shinkafa da kaza ce da sabbin kaya. Abin da ya sa ke nan na ɗauki alƙalami in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu dabarar da mahaifiyata take koya wa ƙannena labarin da ita.

Asalin dabarar daga Amurka take, inda suke naɗe wata farar alewa mai laushi a cikin kwaɓin fulawa. Mu kuwa man shanu muke sawa, wanda aka ajiye a wuri mai sanyi har ya daskare. Ran Asabar da yamma Mama takan kwaɓa fulawa da yis da gishiri. Idan kwaɓin ya tashi, sai ta ba kowane yaro ɗan curin mai, ta ce wannan misalin jikin Yesu ne bayan an sauke shi daga gicciye. Yaro ya mirgina shi cikin sukari da kirfa, mu tuna da kayan ƙanshin da Nikodimu ya kawo. Daga nan ya lulluɓe shi da kwaɓi, kamar yadda Yusufu mutumin Arimatiya ya sa gawar a likkafani. Sai ya liƙe bakin sosai, gama an rufe kabarin da babban dutse, har aka buga masa hatimi.

Ba mu da tanda, saboda haka mukan zuba yashi a gindin babbar tukunya, mu ɗora faranti, mu sa garwashi a ƙasa da kuma bisa murfi. Bayan ya gasu sai a rufe shi da ƙyalle, ba mai taɓawa sai gari ya waye. Nan ne wuyar take! Ƙanshi ya cika gida, yara suna ta kai da kawowa. Mama takan ce almajirai ma sun yi wannan jira, cikin tsoro da baƙin ciki.

Ran Lahadi da asuba mukan karanta Markus sura 16, labarin Maryamu Magadaliya da sauran matan da suka yi sammako zuwa kabari. Sa'an nan kowa ya gutsura nasa burodin. Sai ga rami a ciki, babu kome.

Sai dai akwai abin lura. Wata shekara autanmu ya leƙa ramin ya ce, "Mama, ashe Yesu narkewa ya yi?" Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "A'a, ɗana. Mai ne ya narke. Yesu da jikinsa ya tashi." Ta buɗe Luka sura 24 inda ya ci gasasshen kifi a gaban almajiransa, da Yohanna sura 20 inda ya nuna wa Toma hannuwansa. Lalle ne mai koyarwa ya faɗa wa yara inda misali ya tsaya, in ba haka ba za su ci burodi su tafi da karkataccen labari.

Abin da ya rage mukan kai wa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma ba sa manta mu da naman Babbar Salla.

Ya ku 'yan'uwana da za ku tafi hutun Ista, ƙannenku suna jiranku a gida. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mudun fulawa ɗaya ya isa. Ku zauna da su, ku bar hannuwansu su yi aikin, ku kuma amsa tambayoyinsu da gaskiya.