Mun Hau Dutsen Mambila da Jaka

Motarmu irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja ce, ta kuwa tsufa. Yaran gida suna kiranta Jaka, gama ba ta da gudu, amma ba ta ƙin kaya. Tana da 'yan halayenta da muka saba da su. Ƙofar baya ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta. Allurar mai ta daina faɗin gaskiya, sai mu riƙa lissafi da mil. In ta ƙi tashi da safe, mun sani kan batir ne ya kwance, a ɗaure da sifana, shi ke nan.

Saboda haka sa'ad da muka bar Jalingo a watan Nuwamba na 2022, muka ji wani ɗan kuka, ƙiii, daga gaban injin, ba mu damu ba. Wani saurayi mai bishara da ke tare da mu ya ce, "Baba, wannan kukan sabo ne." Muka yi dariya, muka ce Jaka kullum da abin da za ta faɗa. A bayan motar akwai kwali shida na Littafi Mai Tsarki da littattafan waƙoƙi. 'Yan'uwa na wani ƙauye gaba da Nguroje ne suka sayar da masara suka tara kuɗin, suna kuma jiranmu ran Lahadi domin baftisma.

Muka wuce Bali, muka kwana a Serti, inda hedkwatar gandun dajin Gashaka Gumti take. Da makanike a garin, amma muna sauri. Kashegari da hantsi muka iso Mayo Selbe a gindin dutsen. Mayo da Fulatanci kogi ke nan.

Daga nan hanya take fara nannaɗe dutsen kamar rawani, tudu a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Bisan dutsen ya fi ƙafa 5,000 daga bakin teku. Yadda ake hawa iska tana raguwa, inji kuma ƙarfinsa yana raguwa, ga shi kuwa a nan ne ake bukatarsa. Muna cikin giya ta biyu sai muka ji tas! Jar fitilar batir ta kama, allurar zafi ta fara tashi. Ashe fambel ne yake ta kuka tun jiya, ya tsinke. Shi ne ke juya fanka da famfon ruwa, in babu shi inji sai ya tafasa.

Muka ja gefe, muka sa duwatsu a bayan tayoyi. Saurayin nan ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, uwargida ta kwatsa masa, "Kul, ɗana!" Da ya buɗe, da tafasasshen ruwa ya wanke masa fuska. Muka yi addu'a a bakin hanya, amma gaskiya ita ce kunya ta fi tsoro yawa a zuciyarmu. Muna da jak, muna da taya biyu na safaya, ba mu da ɗan abin da zai shiga aljihun riga.

Wajen awa uku muna nan. Can wani direban babbar mota mai saukowa ya tsaya. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Mallam, ba a hawa nan da mota mai kuka." Nasa fambel ya yi mana girma. Sai ya ɗauki saurayin zuwa Mayo Selbe, ya ƙi karɓar ko kwabo. Bayan azahar yaron ya dawo a kan babur da na hannu guda biyu.

Da muka kai bisa, sai muka ga kamar an shiga wata ƙasa. Tuddai shimfiɗe da ciyawa har iyakar ganin ido, shanun Fulani jajaye, layin itatuwan turare, ga sanyi har muka nemi rigunan sanyi. A Kakara ake noman ganyen shayi. Wannan yanki dā yana cikin Kamaru ta Arewa, sai a ƙuri'ar 1961 ya shigo Nijeriya, bishara ma ta wajen Kamaru ta fara iso shi.

Gaba da Nguroje muka bar kwalta. Ruwan ƙarshen damina ya mai da jar ƙasa kamar sabulu. A nan Jaka ta nuna halinta. Muka sa ƙaramar giya, ƙafa huɗu suka kama, ta bi ta tsallake inda babur ma sai an tura. Sau ɗaya ƙofar baya ta buɗe, kwali guda ya faɗa cikin ciyawa, amma littattafan ba su jiƙe ba.

Mun shiga ƙauyen bayan magariba ran Asabar. Dattijon ekklesiya ya fito da fitila, ya ce tun tsakar rana yara suke kan tudu suna duban hanya. Kafin a ba mu ruwa, mata sun riga sun buɗe kwalin waƙoƙi.