Azuba: Garin Da Kwantena Ke Ratsawa Ba Ta Ɗaukar Kayansa

Matafiyin da ya taso daga Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, ya nufi Akwanga, ba zai yi nisa ba bayan ya bar Shabu sai ya ishe Azuba. Gari ne na manoma a bakin babban titi, irin wanda mai sauri kan wuce bai ko lura da sunansa ba. Abin da ƙasar ta bayar shi ake bajewa a gefen hanya, kowane da lokacinsa: doya da rogo, gyaɗa, mangwaro, lemo, da buhunan gawayi. Amma wanda ya sami inuwa ya zauna nan na ɗan lokaci zai ga wani irin kaya dabam yana wucewa, wanda ba a bajewa, ba a tayawa, ba a kuwa san abin da ke cikinsa ba. Watau manyan akwatunan ƙarfen nan da ake kira kwantena, ja da shuɗi da ruwan toka, ɗaure a bayan tireloli, ƙofarsu a garƙame da hatimi.

Dalilin wucewarsu ta nan a fili yake. Wannan titi wani yanki ne na tsohuwar hanyar da ta taso daga Fatakwal, ta bi ta Inugu da Makurɗi da Lafiya, ta kai Akwanga, inda ta rabu: hannun dama ya hau dutse zuwa Jos da Bauci har Maiduguri, hannun hagu ya nufi Kefi da Abuja. Saboda haka kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Onne, kusa da Fatakwal, in Arewa za su, da yawansu sai sun ƙetare kogin Binuwai a Makurɗi sun bi ta ƙofar Azuba. Tafiya ce ta kimanin kilomita 600 daga bakin teku.

Shi dai wannan akwati ba tsoho ba ne a duniya. Wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, shi ne ya gaji da ganin direbobinsa suna yini a tasha ana sauke kaya ɗaya-ɗaya ana lodawa a jirgi, sai ya yi dabarar a ɗaga akwatin motar ɗungurungum a ɗora. A watan Afrilu na 1956 jirginsa ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwatuna 58. Daga baya ƙasashe suka yarda da awo guda, mai tsawon ƙafa 20 da mai ƙafa 40, domin akwatin da aka cika a Sin ya zauna daram a jirgin ruwa, da jirgin ƙasa, da bayan tirela a Nijeriya, ba tare da hannun ɗan dako ya taɓa abin da ke ciki ba. Amfaninsa ke nan gaba ɗaya: a cika sau ɗaya, a buɗe sau ɗaya.

Nijeriya ta koyi darajar tasha mai tsari ne da wahala. Dattawa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da aka yi odar siminti fiye da kima, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaban Ikko wata da watanni, har simintin wasu ya daskare a ciki, gwamnati kuwa tana biyan kuɗin jira. Bayan wannan ne aka buɗe tashar Tin Can a 1977. Ƙasar ta ci gaba da girma, jama'a suka ƙaru, kaya suka ƙaru, har tireloli suka riƙa yin makonni a layi a kan gadojin Apapa kafin a shigo da tsarin kiran mota ta waya a 2021. A watan Janairu na 2023 aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki. Abin sha'awa, kamfanin da ya gina ta, China Harbour, shi ne kuma ya mai da titin Kefi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi tagwaye, da rancen fiye da dala miliyan 460 daga wani bankin gwamnatin Sin. Kwaltar da ke gaban Azuba da dandamalin da jirgi ke jingina a Lekki, ashe aikin hannu ɗaya ne.

Ba wanda zai yi musun cewa titin ya kawo sauƙi. Duk tsohon direba ya san hawan nan da ke tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga, wanda saboda yawan rayukan da ya ci aka raɗa masa suna da Turanci mai ma'anar cewa da yawa sun tafi. A da, in babbar mota ta gaza a tsakiyar hawan, sai karen mota ya diro da weji a guje, na baya kuwa su yi ta salati. Yanzu mai hawa da hanyarsa, mai gangara da tasa. Sai dai sauƙin ba kyauta ba ne. Tun watan Fabrairu na 2025 aka fara karɓar kuɗin hanya domin biyan rancen, aka yanka wa ƙaramar mota Naira 500, manyan motoci masu tayoyi da yawa Naira 1,600. Hatsarin ma bai ƙare ba, ya sake kama ne kawai. Titi mai kyau yana kiran gudu, ga kasuwa a gefensa, ga yara suna tsallakawa. Kwantena tana da ramuka huɗu a kusurwoyin gindinta inda ake murɗa maƙulli ya riƙe ta, amma wasu masu motoci sai su ɗora ta a kan shimfiɗaɗɗiyar tirela su ɗaure da sarƙa kawai. Irin wannan ganganci ne ya sa wata ta rikito a kan motar fasinja a Ojuelegba, cikin Ikko, a watan Janairu na 2023, mutum tara suka rasu.

To, duk wannan labarin kayan da ke shigowa ne. Inda maganar take da nauyi ga mutumin Azuba shi ne kayan da ke fita.

Ƙasar Lafiya da Doma tana cikin wuraren da suka fi noman riɗi a Nijeriya, riɗi kuwa yana sahun gaba a amfanin gonar da ƙasar nan ke sayarwa waje, musamman ga Japan da Sin da Turkiyya. In ya nuna sai manomi ya yanke, ya ɗaure dami-dami ya jingina su a tsaye, in sun bushe ya kakkaɓe a kan tamfol. Ran kasuwa a auna da mudu, 'yan kamasho su tara wa dillali, dillali ya ɗura a buhu. Daga nan 'yan dako su loda a buɗaɗɗiyar mota, a rufe da tamfol, a yi fatan kada ruwa ya sauko. Wani riɗin Ikko za a kai shi, tafiyar fiye da kilomita 800. Wani kuwa, abin mamaki, sai ya juya wa teku baya ya nufi kasuwar Dawanau a Kano, inda manyan masu saye da injinan tankaɗe suke, a cire masa ƙasa da tsakuwa, a sāke buhu, sa'an nan ya kamo hanyar Kudu. Sai a can ne zai shiga kwantena. Mai ƙafa 20 takan ci kimanin tan 19, watau buhu 380 masu kilo hamsin-hamsin.

A lissafa sau nawa aka ɗaga buhun nan aka aje. Kowace ɗagawa da ladanta, kowace tasha da la'adarta, kowane shinge a hanya da abin da direba ke miƙawa ta taga, ga man gas, ga abin da ya zube, ga wanda ya jiƙe. Mai saye a Japan ba ruwansa da wannan, farashin duniya ya sani. Saboda haka duk abin da hanya ta ci, daga kuɗin mudun manomi ake zare shi tun ran kasuwa, ko da yake ba wanda zai gaya masa haka. Abin da ya fi ban takaici shi ne, a daidai lokacin da motar riɗi ke tashi, sai ka ga kwantena ta wuce Kudu wayam, tana kwaramniya. Ta kai kaya Arewa an sauke, mai kayan yana gaggawar mai da ita tasha, domin ya aje kuɗin jingina wurin kamfanin jirgi, kowace kwana ta ƙara kuma tara ce. Ba wurin da za ta tsaya a cika ta bisa ƙa'ida, a auna, kwastan su duba su buga hatimi, don haka iska take ɗauka zuwa teku.

Doya ta fi riɗi shan wahala, domin ba ta da haƙurin jira. Wanda ya ga kasuwar Agyaragu, kudu da Lafiya, a lokacin kaka ya san arzikin da ake magana. A watan Yuni na 2017 ministan gona na lokacin, Audu Ogbeh, ya yi bikin tura tan 72 na doya zuwa Ingila da Amurka. Bayan 'yan watanni jaridu suka ba da labarin cewa wani kashi ya isa a ruɓe, saboda jinkiri da rashin akwatin da ya dace. Gana, wadda doyarta ba ta kai ta Nijeriya yawa ba ko kusa, ita ce ta daɗe tana riƙe da kasuwar Turai.

Maganin da hukuma ta tsara shi ne tashar tudu, watau a kawo aikin tashar jirgin ruwa cikin ƙasa, a cika kwantena a kammala takardunta tun daga nan. An amince da guda shida a 2006. Ta Kaduna, wadda ba ta ma cikin shidan, ita ta riga buɗewa a 2018, ta Dala a Kano ta biyo a 2023, ta Funtuwa a 2024. Ta Heipang kusa da Jos, wadda ta fi kusa da Lafiya, ta shafe shekaru aikinta yana tafiyar hawainiya. Jihar Nasarawa kuwa filin jirgin saman ɗaukar kaya ta gina a Kwandare, aka buɗe shi a 2022. Niyya ce mai kyau, amma riɗi da doya ba kayan jirgin sama ba ne, kuɗin ɗaukarsu zai cinye ribarsu.

Abin da kaya masu nauyi ke bukata yana nan kwance cikin Lafiya tun zamanin Turawa. Layin dogon Gabas ya ratsa garin, ya haɗa Fatakwal da Kafancan, kuma bayan da aka gama gadar Makurɗi a 1932 jirgi ya riƙa ƙetare Binuwai da kaya ba sai an yi fito ba. Da shi aka riƙa kwashe amfanin gonar wannan yanki zuwa teku kafin reluwe ta durƙushe. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da gyaran layin daga Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 jirgi ya koma aiki tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa Lafiya akwai sauran tafiya.

Da la'asar sakaliya zafin kwalta kan ragu a Azuba. Wani direba ya faka tirelarsa a gefe don injin ya huce, yaronsa ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe. Mata suka taso da kwanonin doya a ka. Ya taya, suka yi albarka, ya ƙara, suka sallama. Ƙwarya biyar ya saya na cefanen gida, da yake ƙofar kwantenar a garƙame take, sai yaron ya cusa su bayan kujera, suka ta da mota suka nufi Makurɗi.