Daga Daura Zuwa Mai'adua Cikin Dare

Ran Asabar bayan sallar isha'i muka tashi daga tashar Daura a wata tsohuwar Golf, da niyyar mu kwana Mai'adua mu riski kasuwar Lahadi da sassafe. Hanyar ce ta miƙe har bodar Kwangwalam, ta shiga Nijar, ta ratsa Matamaye zuwa Damagaram. A jajibirin kasuwa ba ta rabo da tireloli da makiyaya masu koro dabbobi, ga amalanken shanu da ba su da ko ƙyallin fitila.

Muna barin gari direbanmu, wani dattijo, ya murɗa ɗan maɓalli ya rage hasken mitocin gabansa, har da ƙyar ake ganin allura. Can sai saurayin da ke gidan gaba ya zaro waya, farin haske ya cika motar.

"Yaro, don Allah kife wayar nan, tana kashe mini ido."

"Baba, ai ba kai na haska ba."

"Gilashi na dawo mini da ita. In jaki ya gitta yanzu, sai dai mu ji shi."

Dattijon ya yi gaskiya. A can cikin ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: masu rarrabe launi da rana, da masu aiki cikin duhu. Na duhun kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin su gama sabawa, amma haske mai ƙarfi na rushe wannan sabo nan take. Fari da shuɗi sun fi yi musu ɓarna, ja kuwa kusan ba su san da shi ba. Shi ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu matuƙan jiragen sama kan sa jan tabarau kafin tashin dare, kamfanin BMW kuma ya daɗe yana haska mitocinsa da ruwan goro. A shekarun 1990 kamfanin motoci na Saab ya sa maɓallin da ke kashe hasken mitoci, ya bar na gudu kaɗai. Sai dai ƙarfin hasken ya fi launinsa illa: ko ja ne, in aka ƙure shi, zai dushe hanya.

Ba mu yi nisa ba direban ya taka burki a hankali. Mu fasinjoji sai da muka matso sannan muka ga amalanke maƙare da buhuna, rabinta bisa kwalta. Saurayin ya tura wayarsa aljihu ba tare da an sake yi masa magana ba.

Muka tarar da Mai'adua ba ta kwanta ba. Masu shayi sun hura wuta, ana ta sauke shanu da raguna, fatake na cinikin wurin kwana da Hausar Damagaram da ta Daura. Direban ya sauke mu, ya juya neman fasinjan komawa.