Lissafin Likita da Jakar Maganin Inna

Wata dattijuwa a Babban Mutum, garin da ke bakin iyakar Nijar a ƙaramar hukumar Baure, ta shafe shekara biyu ba ta iya barci sai a jingine. Ƙafafunta sun kumbura, numfashinta na sarƙewa tun kafin ta isa bakin rijiya. Da ɗanta ya kai ta asibiti a Katsina, hoton zuciya ya nuna wata ƙofa a cikin zuciyarta ta ƙuntata, bugun kuma ya rikice. A irin wannan zuciya jini kan kwanta ya daskare, gudansa ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Don haka likita ya rubuta mata warfarin, maganin da ke tsinka jini.

Sai dai abin da ke hana jini daskarewa shi ne kuma ke iya sa shi zuba a hanji ko a cikin kai. Likitoci na auna wannan haɗari da wani lissafi mai suna HAS-BLED, wanda aka fitar a shekarar 2010 daga bayanan marasa lafiya a Turai. Ana ba da maki ɗaya ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan: hawan jinin da ya haura 160, matsalar ƙoda, matsalar hanta, shanyewar jiki a baya, tarihin zubar jini, gwajin jini mai hawa da sauka, shekaru sama da 65, shan magungunan ciwo irin su asfirin, da shan barasa. Wanda ya kai maki 3 yana cikin haɗari babba. Gazawar zuciya na ƙara dagula lissafin, domin jini na taruwa a hanta, ita kuma hanta ce ke sarrafa warfarin, sai ƙwaya ɗaya ta yi ƙarfin da ya wuce kima.

Makin dattijuwar ya kai 3. Ɗanta ya ce, “To likita, ai gara a bar Inna ba maganin.” Likita ya ce a'a, ya nemi a zazzage jakar maganinta a kan tebur. A ciki akwai diclofenac da take saya a kemis saboda ciwon gwiwa. Maki ɗaya ke nan da za a iya gogewa a ranar. Na biyu hawan jini ne, shi ma yana jin magani. Shekaru kaɗai ba su da gyara.

Abin da lissafin Turai bai hango ba shi ne nisa. Warfarin na buƙatar gwajin INR a kai a kai, a riƙe shi tsakanin 2 da 3, kuma yawan cin zogale ko alayyafo na sauya shi. Sababbin magungunan da ba sa neman gwaji ba su maye gurbinsa ga masu irin ciwonta ba, kamar yadda wani babban bincike na 2022 ya nuna.

Yanzu ɗan nata na ware kuɗin mota duk wata don gwajin. An kuma koya wa surukarta alamomin da ba a kwana da su a gida: baƙin bayan gida, jini a dasashi, haɓon da ya ƙi tsayawa, da ciwon kai na farat ɗaya.