Godiyar ɗan Galmi ga mutanen Boɗinga, Sifawa da Shagari

Akwai mutanen da nake ɗauke da nauyinsu tun watan Fabrairun 2023, kuma yawancinsu ba masu karanta mujalla ba ne. Na rubuta wannan da fatan wani ɗa ko jika zai karanta musu. Ba zan kama sunan kowa ba, domin na san halinsu: in suka ji an yayata abin da suka yi don Allah, ransu ne zai ɓaci.

Ni mutumin Galmi ne, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Karatun tarihi ne ya kai ni Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga garinmu zuwa Dunɗaye ba wata doguwar tafiya ba ce, ka zo Ƙonni, ka ƙetara Illela, ka miƙe. Amma a takarda ni ɗalibin ƙasar waje ne, kuma abin da ake aiko mini daga gida sefa ne, sai na bi ta hannun 'yan canji kafin in sayi ko ƙosai.

Wanda zan fara da shi abokin karatuna ne, ɗan Boɗinga. Shi ya gaji da jin ina ta ambaton Sifawa a aji, ya ce mini, "Kullum kana karanta ta a littafi, ga ta can bayan gidanmu. Shirya mu tafi ran Asabar." Lokacin ba a daɗe da dawowa daga dogon yajin aikin malaman jami'a ba, wanda ya ƙare a Oktoban 2022, ana ta ɗura mana karatu ba ji ba gani, samun Asabar da Lahadi babu aji sai an dace. Muka dace da ta 11 ga Fabrairu.

Wanda ya zauna a Najeriya a wannan wata ya san abin da ranar take nufi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 8 ga wata Kotun Ƙoli ta ce a dakata. Sai jama'a suka rasa na kamawa. Sababbin kuɗin babu su, tsofaffin kuma wannan ya karɓa, wancan ya ƙi. Masu POS, in ka dace suna da tsaba, sai ka bar musu kaso mai tsoka. Ni kuwa duk abin da na canzo a Illela tsofaffi ne, domin su ke hannun 'yan canjin. A tashar Sakkwato direba ya karɓa bai ce uffan ba. Muna sauka Boɗinga, na miƙa wa mai shayi ɗari biyar, ya ɗaga hannuwa sama kamar na miƙo masa garwashi. Daga wannan lokaci har na koma makaranta, kuɗina ba su sake saya mini komai ba.

Inna, mahaifiyar abokina, gare ki nake magana yanzu. Da na gaishe ki na zaro abin da ke aljihuna in ba ki na cefane, kika dube ni kika ce, "Aje kuɗɗinka, ɗana. Ko da suna ci, gidanga ba a saida ma baƙo tuwo." Abin da ba ki sani ba shi ne ina zaune a zaure na ga yadda aka haɗa miyar daren. Na ga kin buɗe rumbu, kin auna gero a tiya, kin share bakinta da tafin hannu, sannan kin ƙara ɗan tozo. Yarinya ta fita da shi a ƙwarya, ta dawo da man gyaɗa a ƙaramar kwalba da daddawa ƙulle a leda. Aka sake aunawa, aka sake fita, aka dawo da busasshen kifi. Geron da kika tanada don damina ne kike ta musanyawa saboda baƙon da ba ki taɓa gani ba. Na ci tuwon, na sha furar safe, ban iya cewa komai ba sai "an gode, Inna". Ta yi kaɗan, shi ya sa na maimaita ta a nan. Allah Ya cika rumbun, Ya raya miki zuriya.

Da geron nan dai aka sallami ɗan maƙwabta mai kabu-kabu da ya ɗauke mu. Mai ma wahala yake a lokacin, ɗan abin da ke tankinsa a hannun 'yan bumburutu ya saye shi da tsada, amma ya kai mu Sifawa, ya jira mu har la'asar, washegari kuma ya kai mu Shagari. Na gode, ɗan'uwa.

A Sifawa muka tarar da wani dattijo malami a gindin darbejiya kusa da masallaci, ya baje littattafai a buzu, almajirai biyu na biya. Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta malam," na faɗi abin da ya kawo ni. Ya tambayi garinmu. Da na ce Galmi sai ya rufe littafin ya gyara zama. "Galmi? Ashe daga mahaihwar Shehu kah hito. Mu nan masauki na, ku ad da gida." Yana nufin Maratta, ƙauyen da ke kusa da mu, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Na sha wucewa ta wajen tun ina yaro, ban taɓa jin wani ya girmama ni saboda shi ba sai a Sifawa.

Malam ya tashi da sandarsa, ya zagaya da mu inda mutanen garin ke nuna cewa nan Shehu ya zauna, nan ya karantar. Abin da na sani a littafi shi ne Shehu ya baro Gwandu ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan an ci Alƙalawa a 1808, kuma a nan ne a 1812 ya raba ɗawainiyar daula biyu: yamma ga ƙaninsa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga rubutu da karantarwa. Abin da littafi bai ba ni ba, ƙafa ta ba ni. Sai da na bi hanyar da ke tsakanin Sifawa da Boɗinga na gane dalilin da ya sa Abdullahi ya zaɓi Boɗinga. Kusa take ƙwarai, mutum zai iya sallar asuba a gidansa, ya zauna majalisin yayansa da hantsi, ya koma kafin rana ta yi zafi. A shekarun nan ne ya tattara Tazyinul Waraƙat, a 1813, sannan ya kammala tafsirinsa Liya'ut Ta'awili ba da daɗewa ba. A ganina duk mai son fahimtar yadda malaman nan suka yi rubutu mai yawa haka suna riƙe da mulki, ya fara duba yadda suka zauna kusa da juna, mai tambaya da mai amsa tafiyar hantsi ce tsakaninsu.

Na yi masa tambayar da ɗalibai ke so, wato abin da ya faru bayan rasuwar Shehu a Sakkwato a 1817, lokacin da Abdullahi ya taho daga Boɗinga ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a. Malam bai yi gaggawa ba. Ya ce labarin da ya kamata yaro ya riƙe shi ne na yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, bayan an gama kowannensu ya nemi ya riga ɗan'uwansa sauka daga doki don girmamawa, Abdullahi kuma ya yi wa ɗan yayansa mubaya'a. Malaminmu na jami'a zai ce a riƙe labaran biyu, ni ma a nan nake. Amma na fahimci abin da ya sa mutumin da kakanninsa suka zauna tsakanin gidajen biyu ya fi son na biyun. Allah shi gafarta malam, ka bar almajiranka ka ba ni yininka, da na kawo ɗan abin sadaka kuma ka ce in saya wa kaina alƙalami. Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka.

Shagari ba ta cikin shirina tun farko. Yayan abokina ne ya ce wanda ya zo har nan bai ƙarasa ba, ziyararsa ragaggiya ce, ya haɗa mu da wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya a garin. Shi ya tarbe mu a bakin titin da ya miƙe zuwa Tambuwal da Jega, ya kai mu muka yi wa marigayi Alhaji Shehu Shagari addu'a. A wannan gari aka haife shi ranar 25 ga Fabrairun 1925, a nan kuma aka binne shi bayan rasuwarsa a Abuja ranar 28 ga Disamban 2018. Mai masaukinmu bai damu da ya ba ni labarin fadar shugaban ƙasa ba. Abin da ke faranta masa rai shi ne Shagari, Turakin Sakkwato, ɗan aikinsu ne: ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya kama alli. Ya ambaci Waƙar Najeriya da ya rubuta a 1948 yana malamin makaranta, da littafin da suka yi da Jean Boyd a kan jagorancin Shehu Usmanu a 1978, shekara guda kafin a rantsar da shi ranar 1 ga Oktoban 1979.

Akwai tambayar da ke cina, na yi ta juya ta a baki. A wajenmu dattawa ba su manta da Janairun 1983 ba, lokacin da gwamnatinsa ta umarci baƙin da ba su da takardu su fice daga Najeriya. An fi tuna 'yan Ghana, amma har da 'yan Nijar da Chadi a cikin waɗanda suka kwashe kayansu. Ga ni ɗan Nijar, zaune a kan tabarmar mutum a garin Shagari, hannuna cikin kwanonsa. Ya lura, ya ce, "Tambaya, ɗana, malami ba shi hushi da tambaya." Na tambaya. Ya kawo faɗuwar farashin man fetur, ya kawo tarzomar Maitatsine ta Kano a Disamban 1980 da tsoron baƙi da ta haifar, sannan ya ce duk da haka talakawa sun wahala a hanya, kuma wannan ba abin musu ba ne. Hujjojin ba su gamsar da ni duka ba, har yau ina ganin wa'adin mako biyu ya yi wa mai iyali kaɗan. Amma bai kare abin da ido rufe ba, bai kuma sauya mini fuska ba. Da za mu tashi ma ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin tarihi da bangonsa ya sha ɗinki, ya ce in riƙe har in gama karatu. Baba, littafin yana nan lafiya, kuma ka koya mini yadda ake amsa tambaya mai ɗaci.

Saura direba. Da yammacin Lahadi muka tsaya bakin titi, motoci na wucewa, duk wanda ya tsaya tambayarsa ɗaya ce, sababbi ko tsofaffi. Abokina ya gwada tiransifa, sabis ya ƙi. Rana ta yi ja, kuma wannan ba zamanin da ake son dare ya riski mutum a hanya ba ne. Sai ga wata tsohuwar mota daga wajen Jega, an labta mata buhuna har saman rufi. Direban ya saurare mu, ya yi dariya, ya ce, "Ku shiga, 'yan makaranta. In kuɗɗi sun dawo duniya ku biya." Ya matsar da yaron motarsa, ya sauke abokina a Boɗinga, ni kuma ya kai ni har cikin Sakkwato. Na nemi lambar wayarsa, ya ce in yi sauri kada in rasa abin hawa zuwa makaranta, ya ja mota.

Kuɗi sun dawo duniya bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris, wanda ya bar tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Na nemi mutumin nan a tasha, ban same shi ba. Wani malami ya ba ni shawara in yi sadaka da kuɗin motar da niyyar ladan ya je masa, na yi, amma in muka haɗu zan biya shi.

Da na ba mahaifina labari ya ce yaba kyauta tukwici, mu kuwa abin da Galmi ke da shi albasa ce. Ta 2023 an riga an sayar da ita tun tana gona, da kuɗin aka biya mini makaranta. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, daidai lokacin cirar sabuwa. Buhunan suka bi ta Illela: na Inna, na malamin Sifawa, na Baba a Shagari, mai kabu-kabu kuma aka ɗibar masa daga na Inna. Saƙon da ta aiko shi ne albasar ta yi, amma in na tashi aure kada ta ji a bakin mutane. Na direba ne kawai ba a aika ba, don ba a san inda za a kai ba. Duk wanda ya san mai wata tsohuwar mota da ke jigilar buhuna tsakanin Jega da Sakkwato, wanda ya taɓa ɗaukar ɗalibai biyu bashi a Shagari lokacin canjin kuɗi, don Allah ya gaya masa yana da buhu a Galmi.