Gurbi Ɗaya, Ƙasa Biyu

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan gurbin da ke cikin kowane fam na intanet, inda ake tambayar mutum ƙasarsa. Mu muke gina shi, kuma yawanci yadda muke gina shi, ƙasa ɗaya tak yake karɓa. Haka ya fi sauƙin ajiyewa a rumbun bayanai. Gwamnatoci ma sun daɗe suna son sauƙin nan, musamman a kan wanda za su rataya wa anini a kafaɗa su damƙa masa sirrin yaƙi.

A ɗauki yaron da aka haifa a Houston, iyayensa 'yan Katsina. Tsarin mulkin Amurka ya mai da shi Ba'amurke tun ranar da ya faɗo. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuma ya ce ɗan Najeriya ne ta haihuwa, tunda iyayensa 'yan ƙasa ne, sashe na 28 bai tilasta masa ajiye ɗaya ba. Ba a yi shawara da shi ba, yana cikin zanen goyo aka gama. Idan ya girma yana son zama hafsan sojan Amurka, doka tana buƙatar ya zama ɗan ƙasa, wannan ya cika. Saura tantancewar tsaro, wadda galibin hafsoshi ba sa aiki sai da ita.

Ana fara ta da fam ɗin da ake kira SF-86, mai shafi sama da ɗari. Yana tambayar bashi, da shaye-shaye, da ƙasashen da aka je cikin shekara bakwai, da dangin da ke waje, da kadara ko asusun banki a wata ƙasa. Duk wanda ya taso a gida irin namu, in ya karanta tambayoyin sai ya ga zumunci ne aka jera masa gurbi-gurbi. Gonar gado kadara ce a waje. Kawun da ake gaisawa da shi ta WhatsApp duk Juma'a hulɗa ce da baƙo. In gwaggo ta yi aure a Maraɗi, kamar yadda aka saba tun kafin a ja iyaka, to ƙasashen sun zama uku ke nan.

Ba ma raina tsoron da ya haifi tambayoyin. A sana'armu, kafin mu saki manhaja sai mun zauna mun tambayi kanmu ta ina maƙiyi zai shigo, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hafsan da mahaifiyarsa ke zaune a ƙasar da za a iya kama ta a matsa masa, yana da tsagar da ya kamata a sani. Inda muke ja shi ne a ɗauka cewa fasfo ne tsagar.

Amurka ta taɓa ɗaukar haka. A 2000 ma'aikatar tsaronta ta fitar da umarnin cewa mai riƙe da fasfon wata ƙasa sai ya miƙa shi kafin a ba shi izini, sai fa in gwamnati ta amince masa ya riƙe. Ƙa'idojin da suka fara aiki a 2017 sun sassauta: zama ɗan ƙasa biyu shi kaɗai ba ya hana izini. Abin da ake dubawa shi ne ko mutum ya ɓoye, ko ya fifita waccan ƙasar, ko ya ƙi amfani da fasfon Amurka wajen shiga da fita. Wasu ayyuka na da tsauraran sharuɗɗa nasu har yanzu. Mu dai muna ganin gyaran ya yi daidai, domin mai miƙa fasfo bai miƙa uwarsa tare da shi ba.

Kuma tarihi bai goyi bayan tsohon tsarin ba. Aldrich Ames na CIA da aka kama a 1994, da Robert Hanssen na FBI da aka kama a 2001, sun yi shekaru suna sayar wa Mosko sirri suna karɓar kuɗi, ba su da wata ƙasa sai Amurka. Jonathan Pollard, ma'aikacin farar hula a sashen leƙen asirin sojan ruwa, an kama shi a 1985 yana yi wa Isra'ila aiki, amma takardar zama ɗan Isra'ila sai a 1995 ya same ta, yana kurkuku. Da ɗan gari kan ci gari.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne na baya-bayan nan 'yan sana'armu ne. Edward Snowden, da ya kwashi takardun hukumar NSA a 2013, mai kula da na'urori ne. Jack Teixeira, ƙaramin soja mai shekara 21 da ya riƙa watsa takardun yaƙin Yukiren a Discord har aka kama shi a 2023, aikinsa kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ne. An ga yana leƙa abin da bai shafe shi ba, an yi masa magana, ba a toshe masa hanya ba. Daga baya rundunar sojan sama ta hukunta mutum 15 a kan sakacin, shi kuma aka yanke masa shekara 15. Ƙa'idar da muke koya wa sabon ma'aikaci a makon farko ce aka bari: a ba kowa iya abin da aikinsa ke buƙata, a rubuta duk abin da ya buɗe, wani kuma ya riƙa karanta rubutun. Wannan aiki ne na kullum, mai gajiyarwa, ba kamar duba fasfo ba da ake yi sau ɗaya a wuce.

Amanar kuma ta ɓangare biyu ce, wannan shi ake yawan mantawa. Wanda ya cika fam ɗin da gaskiya ya ba gwamnati sunayen danginsa da adireshinsu, wato ya zana mata taswirar duk inda za a iya murɗa shi. A 2015 aka gano an kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, aka kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da fam ɗin SF-86 da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Jami'an Amurka sun zargi Sin, ita kuma ta musanta. Kalmar sirri in ta fita, mukan aika wa mutum saƙo ya canza ta cikin minti ɗaya. Zanen yatsa da sunan gwaggo ta Maraɗi kuwa ba mu da maɓallin canza su.