Karpas, inda jakuna ke tare hanya

Ƙanena da ke karatu a Famagusta, a arewacin tsibirin Saifurus, ya ce ba zan koma gida ba sai ya kai ni Karpas. "Yaya, can ne kaɗai za ka ji motsin teku ba kiɗan otal a kunnenka." Muka ɗauki hayar mota bayan sallar asuba.

Karpas siririyar ƙasa ce da ta miƙe cikin Bahar Rum wajen kilomita 80, kamar yatsa mai nuna gabas. Da muka wuce dogayen gine-ginen Iskele da manyan otal-otal na Bafra, sai hanya ta tsuke, aka shiga gonakin alkama da itatuwan zaitun. A garin Dipkarpaz muka yi azahar. Masallacin na kallon wani tsohon coci, domin har yau akwai Girkawa ƙalilan da suka ƙi barin gidajensu bayan yaƙin 1974 da ya raba tsibirin gida biyu.

Gaba kaɗan jakuna suka tsayar da mu. Ba su da mai su. Jikokin jakunan da manoma suka bari ne, wasu saboda gudun hijira, wasu saboda tarakta ta karɓe aikin. Ɗaya ya cusa kai ta taga yana neman karas. Na girma ina ganin jaki da mangala da tabon sanda a gadon baya, shi ya sa na daɗe ina shafa wannan, sumul, ba ko ƙwarzane.

Bakin tekun da Turkawa ke kira Altınkum, wato yashin zinariya, shi ya fi tsaya min a rai. Mun yi tafiyar kusan awa guda a kan yashi, mutanen da muka haɗu da su ba su kai goma ba. Lokacin zafi kunkurun teku ke fitowa da dare su binne ƙwai a nan. In 'ya'yan sun ƙyanƙyashe, hasken da ke kan ruwa suke bi su sami teku. Fitilar otal guda ta isa ta juya su zuwa tudu, rana ta kashe su.

Amma ban iya mance dalilin wannan shirun ba. Turkiyya ce kaɗai ta amince da arewacin Saifurus a matsayin ƙasa, jirgin sama ma sai ya bi ta can kafin ya sauka. Rashin sulhu ne ya hana masu zuba jari isowa da wuri, kuma akwai tsofaffi a kudu da har yanzu ke begen gidajen da suka bari a waɗannan ƙauyuka. Ina so a sasanta, su dawo. Ina kuma tsoron ranar da siminti zai iso wannan yashi, don na ga inda ya kawo a Bafra.

A can ƙarshe, kusa da gidan ibadar Apostolos Andreas, muka shimfiɗa darduma a kan dutse muka yi magariba, iska na ta ɗage gefenta.